Reshen mangwaro a kan rufin maƙwabta: igiyar kasuwa za ta iya sauke shi?

Tela Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin sarar itace, musamman masu hawa sama da inji.

A gidanmu na gado a Aboabo Namba Tu akwai tsohon mangwaro a tsakar gida, kakanmu ne ya dasa shi. Tsawonsa ya ɗara bene mai hawa biyu. Wani babban reshe ya miƙe ta kan katanga ya kwanta saman ɗakuna biyu na maƙwabtanmu, ƙarshensa kuma ya doshi wayar lantarki da ke bin layinmu. Na hau tsani na zagaya tef ɗina na ɗinki a gindin reshen, daidai inda ya fita daga jikin uwar, na samu inci 48. Tsawonsa a ido zai kai mita 7 ko 8. Daminar bara iska ta karyo wani ƙaramin reshe ya huda masu kwano, muka biya. Yanzu ga Maris ya ƙarato, kun kuwa san yadda hadarin farkon damina yake zuwa a Kumasi, iska tukuna kafin ruwa. Maigidan can ya yi mana magana cikin mutunci, ba na son abin ya kai mu gaban mai unguwa.

Ba sare bishiyar muke so ba. Tsohuwarmu ta ce muddin tana numfashi ba mai taɓa gindinta, a inuwarta take wuni. Reshen kawai muke son cirewa.

Wani mai dolma, wato injin yankan itace, ya zo ya duba ya ce sidi 2,500, kuma kwanon da ya fashe ba ruwansa. Jin haka sai ɗan yayata Awudu ya ce a bar masa. Yana koyon kafinta a Sokoban, kuma gaskiya gwanin hawa ne, shi ke sauke wa mutane kwakwa a unguwa. Shirinsa shi ne ya aro babban inji, irin 070 ɗin nan, ya sayo shuɗiyar igiyar leda ta kasuwa mai milimita 12. Zai yanki wani sashe ya ɗaure ƙugunsa, sauran ya ɗaure reshen ya ratayo ta gwafar da ke sama, samari huɗu su riƙe a ƙasa. Sai ya datse reshen daga gindi gaba ɗaya, su kuma su sauke shi sannu a hankali cikin gida.

Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ban san ta inda zan hana shi ba tunda ba sana'ata ba ce. Igiyar za ta ɗauka? Mutum huɗu sun isa? Akwai wani ƙulli na musamman da ake yi? Ko in haƙura in haɗa kuɗin in ba mai dolmar?

Mai Waya Asawase:

Wa alaikumus salam Malam Tela. Ni ba mai hawan itace ba ne, aikin waya nake yi, a kanta kaɗai zan yi magana.

Kafin batun igiya, fita ka ɗaga kai ka dubi falwayar. In wayoyi huɗu ne ko biyar jere ɗaya bisa ɗaya, wutar gida ce, wajen bolt 240 a waya guda, 415 tsakanin biyu. In ka ga uku can ƙololuwa a kan manyan tangaran, wannan babbar wuta ce, bolt 11,000 ko 33,000, kuma in ka matsa mata sosai ba sai ka taɓa ta ba. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, jiƙaƙƙiyar igiya ma haka, tsanin alminiyam kuwa ba a magana. Ƙa'idar da aka sani ita ce wanda ba a horar da shi ba kada ya kusanci waya ƙasa da mita 3, shi ko abin da ke hannunsa ko reshen da yake yankewa. Kada a raina ta gida ma. A kan bishiya, ko fizga kaɗan ta yi wa mutum ta isa ya saki abin da ya riƙe.

Ɗauki hoto ka je ofishin ECG, kamfanin wuta, na yankinku ka nemi su zo su gani. Su ke da ikon kashe layin, ko su sauke wayar har a gama. Kada ku yarda wani yaron unguwa ya je ya zare fiyus a taransifoma, kada kuma wani ya ce ai an ɗauke wuta, a yi sauri a hau. Wutar da aka ɗauke ba ta yin sallama in za ta dawo.

Ka kuma leƙa Asambilin Asokore Mampong ka tambayi batun izini, tunda Aboabo ƙarƙashinsu take. Injin aron nan ma a tambayi takardarsa, don doka ta ce kowace dolma a yi mata rajista a Asambili.

Kawu Mai Dolma, Sawaba:

Malam Tela, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin a hau. Tun ina saurayi nake wannan aiki, yanzu gwiwa ta hana ni hawa, sai dai in tsaya a ƙasa in riƙe wa yara igiya. Amsarka a taƙaice: igiyar ba za ta ɗauka ba, mutum huɗu ba su isa ba, kuma babu ƙullin da zai gyara wannan shiri. Amma bari in ba ka dalili, don ka samu abin faɗa wa yaron, kada ya ɗauka tsoro ne irin na tsofaffi.

Ka ce kewayen reshen inci 48. Faɗinsa ke nan wajen inci 15, kusan santimita 39. Ɗanyen mangwaro cike yake da ruwa. A wannan kaurin, kowace mita ɗaya ta haura kilo 100, wato ta fi buhun siminti biyu. Ko da yake yana sirancewa zuwa gaba, in ka haɗa rassansa da ganye, reshen nan zai yi rabin tan, wataƙila ya fi. Samarinka huɗu in an ɗora su a sikeli gaba ɗaya ba za su kai kilo 300 ba. To wa zai ja wani? Na taɓa ganin ƙato ya bar ƙasa, igiya ta yi sama da shi, don ya naɗe ta a hannu ya kasa saki. Wanda bai naɗe ba kuwa ta goge masa fatar tafi.

Wannan ma ba shi ne babban abin ba. Abin da yara ba sa ganewa shi ne igiya ba nauyin itace take ɗauka ba, faɗuwarsa take tarewa. Ɗauki gungume mai kilo 100. In ka rataye shi shiru, igiya kilo 100 take ji. In ya faɗo mita ɗaya kafin igiya ta kama shi, ta tsayar da shi cak cikin taƙi guda, bugun da za ta sha ya haura tan ɗaya. Gwafar da ka rataya igiyar kuma ninki biyu take sha, don ana jan ta ta ɓangaren gungume, ana jan ta ta ɓangaren masu riƙo. Tan biyu ke nan a kan gwafar da ba wanda ya auna lafiyarta. Wannan lissafin gungumen mita ɗaya ne fa, ba reshenku duka ba. Shuɗiyar igiyar nan, in mai kyau ce sabuwa fil, wajen tan biyu take tsinkewa. Ƙulli yana iya cinye kusan rabin ƙarfinta. Rana tana cin irinta, ka san kuwa tun yaushe take rataye a bakin shago? Sannan in ta yi gudu a kan ɓawo da nauyi, zafi kawai ya isa ya narka ta. Ta shanya ce da ɗaurin kaya a mota, araha kuwa ba ta ado.

Amma gungumen nan dai, in mai riƙo ya san aiki ya bar shi ya ɗan yi gudu mita biyu yana rage masa sauri har ya tsaya, abin da igiya za ta ji bai kai kilo 200 ba. Shi ya sa a wajenmu ba ƙarfi muke nema a ƙasa ba, hannu muke nema. Mutum ɗaya ne ke riƙo, da safar hannu ta fata. Yana zagaya igiyar a jikin wata bishiya ko wani ƙarfen naɗi da aka ɗaure a gindi, zagaye ɗaya ko biyu gwargwadon nauyi, gogayyar ce ke riƙe kaya, shi kuma yana sarrafawa. Zagaye ya yi yawa, gungume ya tsaya cak ya girgiza na sama. Ya yi kaɗan, ya kufce. Kuma ba ya tsayawa ƙarƙashin kaya, ba ya naɗe igiya a hannu ko ƙugu, ba ya taka tarin igiyar da za ta ja.

Yadda ake sauke irin reshenku: daga ƙarshe ake farawa a dawo gindi, ba daga gindi ba. Ganye da ƙananan rassa da zarton hannu ake cire su, waɗanda mutum zai riƙe da hannu ɗaya ya miƙa ko ya jefa inda aka ware. Sai a ɗaure fuli, wato 'yar tayar nan da igiya ke bi ta kai, da majanyi mai ƙarfi a jikin uwar bishiya, sama da reshen, ta ɓangaren tsakar gidanku, don duk abin da aka yanke ya lilo ya baro kan rufin. Kowane gungume a ɗaure shi kafin a yanke, a ja igiyar ta miƙe sosai don kada ya samu wurin faɗuwa, a kuma sa masa wata siririyar igiya ta biyu wadda wani zai ja daga nesa ya juya shi. Ni ba na yarda gungume ya wuce abin da mutum ɗaya zai iya ɗagawa in yana kan rufin mutane. Yanka ashirin ƙanana sun fi mini uku manya. Ku tuna kuma, duk nauyin da aka rage, reshen yana ɗagowa sama, wani lokaci da ƙarfi, wanda ke kan reshen ya kasance a shirye.

Shi yankan, ta ƙasa ake fara shiga kamar kashi ɗaya cikin uku, sannan a yanko ta sama ɗan gaba kaɗan. In ka fara ta sama, nauyi zai tsaga itacen ya ɓare ɓawo har jikin uwa, ko ya matse maka inji ya tafi da shi. Na ƙarshe kuma a bar ɗan kumburin nan da ke gindin reshe inda ya haɗu da uwa, ta nan bishiya ke rufe ciwonta.

Yanzu shi mai hawan. Hawan kwakwa daban, wannan daban. A kan kwakwa hannu biyu da ƙafa biyu duk suna riƙe da kai. A nan hannu biyu suna kan inji, abin da kake tsaye a kai kuma shi kake yankewa. Igiya a ƙugu ba kariya ba ce. In mutum ya faɗo ta kama shi, ciki da haƙarƙari da ƙashin baya take yi wa ɓarna, ko ta zame zuwa ƙirji ta hana numfashi. Sai ɗamarar hawa mai zagaye cinyoyi. Igiyar mutum daban, igiyar itace daban, ba a taɓa musanya su ko sau ɗaya, kuma ba a rataya su wuri guda. In gwafar kaya ta karye kada ta tafi da mutum. Duk lokacin da inji ke aiki, a ɗaure yake a wuri biyu, babbar igiyarsa daga sama da gajeriya a jikin itace, don in sarƙa ta lashi ɗaya, ɗayar ta riƙe shi. Ya duba kuma kafin kowane yanka: me na ɗaure, wane ɓangare ne zai faɗi, igiyata tana ina? Kada ka yi dariya, akwai waɗanda suka ɗaure kansu a ɓangaren da zai tafi.

Injin 070 kuwa a mayar wa mai shi. Wajen kilo 15 yake, na tsaga katako ne a ƙasa, kuma yawancin waɗanda ke hannun mutane ba su da birkin sarƙa. In saman hancin ƙarfen ya taɓa itace, inji yana yin tutsu ya dawo fuska ko kafaɗa kafin ka ƙifta. Na hawa ƙarami ne, bai kai kilo 4 ba, ana tayar da shi a ƙasa ya yi ɗumi, a kashe, a ja shi sama da igiya. Hannu biyu kullum, kuma ba a ɗaga shi sama da kafaɗa.

Abu ɗaya da ban ji ka ambata ba: lafiyar bishiyar kanta. Je ka buga jikinta da ƙeyar gatari ka saurara, in ta yi sautin kogo ka gaya mini. Duba hanyar gara a ɓawo, duba laimar kwaɗi a gindi, duba gwafar ko akwai tsaga ko baƙin ruwa na tsatsowa. Ka kuma duba ganyen da aka naɗe dunƙule-dunƙule, gidan jajayen tururuwan mangwaro ke nan. Ba sa kisa, amma in suka cika wa mutum riga yana riƙe da inji, su ne za su jawo abin da zai kashe shi. Zuma da rina ma a duba tun da safe.

Ɗan Yalwa a Ingila:

Kawu, Allah ya ƙara lafiya, ba ka bar mana komai ba. Yaya Tela, wannan aikin nake yi a nan Bamingam, bari in ƙara lambobin da ake dubawa a jikin kaya, don in wani ya zo da nasa ka san abin da za ka karanta.

Igiyar hawa tana zuwa da shaida. Ta Turai za ka ga EN 1891, nau'in A, ba ta tsinkewa ƙasa da kN 22, wato sama da tan biyu, kaurinta galibi milimita 11 zuwa 13. Zoben ƙarfen da ake maƙalawa, karabina, shi ma an buga ƙarfinsa a jikinsa, 22 ko sama, kuma wanda muke rataya rai a kai yana kulle kansa, sai ka yi motsi uku kafin ya buɗe. Waɗanda ake sayarwa a tire don maƙala makulli kamarsu ɗaya a ido, amma ba su ba ne. Igiyar sauke kaya kuma kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta ake ɗora mata. Mai tan biyu ke nan kilo 200, saboda bugun nan da Kawu ya yi bayani. Igiyar leda tana narkewa wajen digiri 165, ta foliyesta sai ta haura 250, shi ya sa ba ma amfani da ta leda.

A nan doka ta sa duk wata shida a kai kayan hawa wajen gwani ya duba ya rubuta, ban da dubawar da kai za ka yi kowace safiya, ka bi igiya da yatsu daga farko zuwa ƙarshe. Shi ya sa nake tsoron ɗamara da igiya na gwanjo. Ba ka san faɗuwa nawa suka tare ba, ba ka san ko ruwan batir ya taɓa su ba. Ɗamarar magina mai zobe a baya ma ba ta wannan aikin ba ce, ta tare faɗuwa ce, ba ta zama a rataye kana aiki ba. Hular kwano kuma sai mai maɗaurin haɓa, har na ƙasa su sa, don su ne abu ke faɗo wa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: ba ma hawa sai akwai mutum na biyu a ƙasa da ya iya hawa, da kayansa a shirye. In na sama ya yanke ko ya suma, wa zai sauko da shi? Mutumin da ya suma yana rataye a ɗamara, mintoci kaɗan sun isa jini ya taru a ƙafafu abin ya zama na rai. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ajiye bandeji mai kauri da abin ɗaure jini, a ajiye mota a bakin ƙofa, a sa lambar gaggawa 112 a waya, faya sabis kuma 192. In mutum ya faɗo ƙasa kada a ciccibe shi a cusa a tasi, a bar wuyansa da bayansa yadda suke har masu motar asibiti su zo, sai dai in wurin da yake akwai wani haɗarin.

Ban ce ku yi ta jinkiri ba. Kowa ya tuna Kintampo, 19 ga Maris 2017, da iskar hadari ta kayar da babbar bishiya a wurin ruwan nan mai zubowa daga kan dutse, kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makaranta daga Wenchi. Reshe a kan ɗakin kwana ba abin bari ba ne. A yi shi, amma ba Awudu da igiyar leda ba.

Tela Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa Awudu duka, ya yi shiru, da na zo wajen lissafin Kawu sai ya ɗauko waya yana dannawa, bai dai ce komai ba.

Kawu, na yi abin da ka ce. Jikin uwar ba ya sautin kogo, babu laimar kwaɗi. Amma gwafar da yake niyyar rataya igiya a matse take, kuma akwai wani baƙin layi da ya sauko daga tsakiyarta, da ɗan danshi. Gidajen tururuwa kam ga su nan birjik. Wayoyin huɗu ne a jere, ƙarshen ganyen bai fi mita ɗaya da rabi da su ba. Zan je ECG ranar Litinin.

Sai dai kayan da Ɗan Yalwa ya lissafa, ban san inda zan gan su a Kumasi ba, kuma sayensu don reshe ɗaya zai fi kuɗin aikin. Shi mai dolmar nan da ya zo ban ga ya zo da komai ba sai adda. Me zan tambaye shi? Sannan tsohuwa ta ce in an yanke a shafa baƙin mai a wurin don kada ya ruɓe.

Kawu Mai Dolma, Sawaba:

Gwafar nan da ka kwatanta, ka manta da ita. Matsattsiyar gwafa mai baƙin layi alama ce ɓawo ya shige tsakani, rassan biyu ba su haɗe da nama ba, jingine kawai suke. Ba a rataya mata kaya, ba a rataya mata mutum. Wanda zai yi aikin ya zagaya majanyinsa a jikin uwa, ƙasa da tsagar. Ita kanta gwafar a sa mata ido bayan wannan, wataƙila nan gaba sai an rage mata nauyi.

Maganar ɗana na Ingila gaskiya ce, amma shi yana inda ake shiga shago a ɗauko. Kai ba sayen kaya ne aikinka ba, neman mai kaya ne. Akwai su a garin nan, ba su da yawa. Leƙa ofishin Parks and Gardens, masu kula da lambuna da bishiyoyin gari, ka tambaya, ko ka tambayi masu kula da harabar manyan makarantu da otal wa ke yi masu aski na bishiya. In kuma ba a samu ba, akwai hanyar da ni na fi so a gida irin naku: a yi hayar sikafol na ƙarfe wajen magina, a kafa shi a ƙasa mai tauri ta gefen katanga, a ɗaure shi da gini, a sa katako da makari. Bayan an kashe wuta fa, don ƙarfe ne. Daga kai mutum zai tsaya da ƙafafunsa ya cinye fiye da rabin reshen da zarton hannu da mai dogon sanda. Ba a dai rataya gungume a jikin sikafol, igiyar kaya tana nan a bishiya.

Mutumin da ya ce kwano ba ruwansa ya riga ya gaya maka yadda zai yi aikin, zubarwa zai yi. In ya dawo ka ce ya nuna maka igiyarsa ta hawa da ta kaya, guda biyu daban. Ka ce ya nuna da yatsa inda zai rataya kowacce. In ya nuna gwafar nan, ka sallame shi. Tambaye shi ta ina zai fara yanka, wa zai riƙe masa a ƙasa, wa zai hau in wani abu ya same shi. Ku rubuta wa zai biya ɓarna a gaban shaidu biyu, kuɗi kuma rabi kafin, rabi bayan an share gida. Wanda ya san aiki zai iya neman fiye da 2,500, kada ka yi mamaki.

Ranar aiki a fara bayan gari ya waye sosai, itace a bushe, ba ranar da aka kwana ana ruwa ba, kuma da hadari ya haɗo a sauko. A fitar da kowa daga ɗakunan nan biyu, a shimfiɗa katako da tsofaffin tayoyi a kan kwanon daidai layin ƙusa. Mata su ɗauke murhu daga tsakar gida, a ɗaure awaki, a kai yara wani gida, mutum ɗaya ya tsaya a ƙofa don masu shigowa kallo. Na sama ba ya yanka sai ya ce "a kauce" ya ji an amsa "mun kauce", kuma murya ɗaya ce ke amsawa, ba taron jama'a ba. Tururuwan a sauke gidajensu da sanda kwana ɗaya kafin nan, na nesa da waya kawai.

Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata Kawu ya ce a bar baƙin mai. Ƙona gefen ciwon yake yi ya hana shi rufewa, ya kuma riƙe danshi a ciki. In an yi yankan daidai, ya ɗan karkata yadda ruwa ba zai kwanta ba, mangwaro da kansa zai naɗo sabon nama. Kada kuma a ce tunda an hau a aske ta duka, abin da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a lokaci guda wahalar da ita ne.

Awudu kada ku kore shi daga aikin. A ba shi hula da safa ya ja siririyar igiyar juya kaya, ya kwashe rassa, ya kalli hannun mai riƙo. In bayan haka yana son sana'ar, turo mini shi Sawaba bayan La'asar, mu fara da ƙulli a ƙasa.